Usur ɗin Fatawu a Gidan Niƙana

Ni ce Abibatu mai nika-nika, wadda gidan niƙanta ke bakin babbar gota, magudanar ruwan nan, a Nima, daidai gadar da ake tsallakawa Maamobi. Duk wanda ya sha koko a unguwar nan, ko ya ci banku, tuwon ƙullun masara, da yajin shito, to abin da ya shiga cikinsa ta hannuna ya bi. Mutane suna ta ba da labarin Asabar ɗin nan yadda suka ga dama, har da masu cewa wai an ci ni. Ni? To ku ji yadda aka yi daga bakin mai wurin.

Injuna uku maigidana marigayi Alhaji Ishawu ya bar mini, kowanne da aikinsa. Na ƙurya na busasshen hatsi ne, gari kawai yake fitarwa. Na tsakiya na jiƙaƙƙen gero da masara ne, ƙullun koko da na banku. Na bakin ƙofa, inda iska ke kwashe wari, shi ne na barkono da albasa da busasshen kifin shito. Saaka, mutumin garin Wa, shi da ƙannensa biyu ke tuƙa su tun Alhaji na raye.

Na tsakiyan nan shi ne ciwon kaina. Amama mai koko, wadda ba ni da kwastoma kamarta, ba ta zuwa sai da 'yan kayayo masu dako a bayanta, kowacce da baho a ka. Da zarar geronta ya shiga inji, wadda ta zo da ɗan kwanon kunun jariri sai ta zauna ta yi gyangyaɗi ta farka, ba a zo kanta ba. Injin barkono kuwa yana can bakin ƙofa yana hutawa kamar mai gida. Ana cikin haka Jalilu ya buɗe sabon gidan niƙa a tsallaken gada, da benci da fanka. Masu ƙananan kwanoni suka fara sulalewa can. Rannan Amama da kanta ta ce mini, “Abibatu, na gaji da harara. Kullum sai a zage ni a layinki kamar sato geron na yi. In ba ki gyara ba, ni ma zan je in sha fanka.”

In Amama ta tsallaka gada, rabin ƙullun Nima ya tsallaka, don sauran mata ƙafarta suke bi. Sunan Alhaji kuma da ke rubuce a ƙofa sai dai a rufe shi da kwaɗo.

A nan Abdul-Fatawu ya shigo. Ɗan ƙanwar Alhaji ne. Sana'arsa liƙa gilashi a fuskar waya a unguwar Circle, amma tun da ya je wata makarantar kwamfuta a unguwar Madina ya dawo da igiyar katin shaida a wuya, ba ya amsawa sai an ce Injiniya. Ya same ni ina tsintar tsakuwa a masara, ya ɗauki wayata ba izini.

“Mma, kin san ƙwaƙwalwa nawa ke cikin wayar nan?”

“Ko ɗaya. Ni ke da ƙwaƙwalwa, ita kira take yi.”

“Takwas, Mma! Aiki kuma ya fi ɗari a lokaci guda. Ga wa'azin da kike ji, ga saƙo na shigowa, ga agogo na tafiya. Kin taɓa jin agogo ya yi fushi don wa'azi ya tare masa layi?”

“Ban taɓa ba.”

“Saboda akwai mai rabo a ciki. Kowane aiki a ba shi ɗan lokaci kaɗan, a ce masa tashi, na gaba ya hau. Wanda ya fi kowa ƙarancin samu, shi ake kira. In wata ƙwaƙwalwa ta zauna ba aiki, sai ta jawo daga layin wadda aiki ya yi wa yawa. Ba mai jira, ba mai zaman banza. Injunanki uku ƙwaƙwalwa uku ne, matan nan kuma ayyuka ne. Abin da kika rasa mai rabo, ga shi kuma Allah ya kawo miki har gida.” Ya bugi ƙirjinsa har ya yi tari.

Na ce nawa. Ya ce a sa sunansa a ƙofa ƙarƙashin na Alhaji. Na ce ko a ƙarƙashin tabarma. Ya ce to a ba shi kaso. Na ce kason me, gadonka ne? Muka yi ta ja har muka tsaya a kan waakye na rana, wato shinkafa da wake. Ya ce da nama da ƙwai. Na ce ba nama, ƙwan ma sai na ga aiki. Ya ce, “Mma, a Turai mota ake ba irina.” Na ce trotro mai ɗaukar fasinjan Turai yana tashi a Circle, ka san hanya.

Kafin Asabar ta zo, babu mai shayi ko ɗan okada a Nima da bai ji cewa Injiniya zai mayar da gidan niƙan Mma Abibatu kwamfuta ba.

Da sassafe ya iso cikin farar riga ta aro daga mai kemis, hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, da usur na ƙungiyar ƙwallon unguwa a wuya. Ya hau akwatin lemo a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga waya sama.

“Iyayena mata! Daga yau babu babba babu ƙarami. Kowa minti biyu. In kin ji usur, ki kwashe kayanki ki koma baya.”

Amama ce a kan inji. Geronta ya fara gangarowa ke nan, fari tas, ƙamshin citta da kanumfari na tashi, sai fiiit!

“Hajiya Amama, lokacinki ya cika.”

“Lokacin wa ya cika? Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ubanka ne zai cika.”

“Na inji nake nufi, Hajiya.”

Saaka ya kashe inji, ya kwashe sauran geron da hannu, ya kwance ƙarafan nan masu haƙora da muke kira dutse, ya wanke, ya ɗaura. Nafi matar tela ta zuba ɗan kwanonta na kunun yaro, kafin ta gyara goyo an gama. Ta yi guɗa, ta ce, “Injiniya, Allah ya ba ka mata mai haƙuri!” Fatawu ya dube ni daga kan akwati, ya nuna mini siffar ƙwai da yatsunsa.

Nafi ita ce ta farko kuma ta ƙarshe da ta fita da dariya.

Rana ba ta yi nisa ba sai ga kowace mace da roba biyu a gabanta, ɗaya niƙaƙƙe ɗaya ba a niƙa ba, kuma babu wadda ta gama. Ƙasa ta cika da robobi har ba wurin taka ƙafa. Wata ta ɗauki ƙullun wata, suka kama kokawa a kan murfi. Saaka ya share gumi ya ce, “Masta, kwancewa da wankewa ya fi niƙa daɗewa fa. Inji yana aiki kaɗan, mu muna aiki paa, ba hutu.”

Fatawu ya lumshe ido kamar mai tuno aya. “Mun yi wannan a aji. Sauyi daga aiki zuwa aiki dole ya yi sauri. An soke wanki!”

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga abin da ya rufe mini shi. Amama ta kira 'yan kayayonta, ta aika aka aro kwanoni daga maƙwabta, ta rarraba geronta, ta jera su a layi kowacce da nata.

“Hajiya, mene ne haka?”

“Ba ka ce kowa da lokacinsa ba? Su ba mutane ba ne? Ko don daga arewa suka zo?”

Shi ke nan, ido ya buɗe. Wannan ta aika a kira mata 'ya'yanta, waccan ta jawo mijinta daga majalisa, wata ta tsayar da mai sayar da rake ta danƙa masa kwano. Har Malam Awal ladanin masallacinmu, da ya leƙo ya ga me ake ciki, kafin ya gama sallama an ɗora masa robar masara a hannu. Layi ya fita ƙofa, ya bi bakin gota, ya hau gada. Matan da ke zaune a bencin Jalilu ma suka taso kallo, su ma aka ba su riƙo.

Fatawu ya busa usur har sau uku, jijiyar wuyansa ta tashi. “Wannan ma mun yi shi a aji! 'Yan gida ɗaya mutum ɗaya ne, lokacinsu ɗaya. Kai, Baba, ba matarka ce waccan ba?”

Mutumin ya dubi matar, ya dubi layi, ya tuna ita ta ce kada ya yarda a haɗa su. Ya ce, “Ni ban san ta ba.”

“Ba ka san ni ba?” Ta ajiye robarta a hankali. “Mai 'ya'ya shida da kai? To yau ka je ka ci tuwo inda aka san ka.”

“Ke fa kika ce...”

“Na ce ka yi shiru, ban ce ka sake ni a gaban jama'a ba!”

Dole na fita raba su, don ta riga ta cire takalmi. Fitar nan tawa ita ce ta ba Fatawu fili. Ya waiga ya ga injin bakin ƙofa ya gama markaɗa wa mai shito kifi da albasa, ya tsaya shiru. Na ƙurya ma ba kowa. Daga waje na ji muryarsa: “Ƙwaƙwalwa biyu suna zaman banza ga layi har gada? Haram! A jawo aiki!”

Kafin in ratsa mutane in dawo, an gama. Injin gari ya haɗiye jiƙaƙƙiyar masara, ya shaƙe, yana gurnani, bel ɗinsa na hayaƙi. Daga bakin injin barkono kuwa geron Amama ne ke zubowa, launin jan bulo, da 'yan idanun kifi suna yawo a ciki.

Amama ta tsoma yatsa, ta kai baki.

“Abibatu.”

“Na'am.”

“Gobe da asuba zan ce wa mutanen Maamobi su zo su sha kokon kifi?”

Fatawu ya ce, “Hajiya, amma ki lura ba ki jira ba.”

Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗaure ɗamara da gyalenta, ta ce wa 'yan kayayo, “Ku ɗauki abin da ya rage. Tsallake za mu.”

Ina tsaye sai na hango hular Jalilu tana ratso taro. Nan take na kifa wa bahon Amama murfi, na zauna a kai, na kamo zanenta na raɗa mata, “Ki ba ni zuwa la'asar. In ban mayar miki da geronki ba, ni da kaina zan ɗauki bahonki a ka in kai shi tsallake.” Ta dube ni, ta dubi Jalilu, ta gyaɗa kai.

Jalilu ya shigo yana murmushin da bai kai ciki ba. Tun safe yana zaune shi da fankarsa, yana kallon layina har ƙofarsa.

“Mma Abibatu, sannu da ciniki. Hayaƙin me nake gani?”

“Inji ne, tun asuba bai huta ba.”

Ya dubi Fatawu a kan akwati. “Wannan ne Injiniyan?”

Fatawu ya gyara wuyan riga. “Shi ne. Abin da ka gani somin-taɓi ne.”

Jalilu ya matso kusa da ni. “Mma, unguwa ɗaya muke. Ki ara mini shi.”

“Aro? Ɗan marigayi ne fa, amana ce a hannuna. Ko sarkin Zongo ya aiko ba zan bayar ba.”

“Zan ba ki sabon bel.”

“Bel? Ka dubi yaron nan da kyau. Ƙwaƙwalwa takwas!”

“To da dutse sabo guda.”

“Dutse guda yana niƙa? A gidanku da haƙori ɗaya ake tauna?”

“Biyu.”

“Da buhun gero.”

“Haba Mma, gero kuma na me?”

“Na sadakar Alhaji. In raba ɗansa da gidansa, ban yi masa sadaka ba?”

Ya juya kamar zai tafi. Na bar shi ya kai ƙofa. Ya ga layi, ya dawo.

“Na yarda.”

“Benci fa? Ka ga tsofaffi a tsaye.”

“Mma!”

“To bar shi. Fatawu, busa, a ci gaba.”

“Na yarda da benci!”

Na kira Malam Awal, yana nan da robar masara a hannu, na ce ya zama shaida: kaya su iso yanzu, Injiniya ya tafi da usur ɗinsa, ba dawowa ba mayarwa. Malam ya ce ya shaida, aka shafa fatiha, shi da hannu ɗaya. Matan da ke ɗakin nan, Allah ya saka musu, ko tari babu wadda ta yi. Wadda aka ce ba a san ta ba ma ta riƙe wa mijinta hannu.

Fatawu ya sauko daga akwati ya dafa kafaɗata. “Mma, kada ki yi kuka. Mai ilimi ba na gida ɗaya ba ne.” Na ja mayafi na rufe fuska, kafaɗuna na rawa. Ya ce wa jama'a, “Ku rarrashe ta.” Ya wuce gaba, Jalilu na riƙe masa akwatin lemo, 'yan kallo na biye.

Suna hawa gada na tashi daga kan baho. Muka dafa ruwa, muka kwance injuna uku, muka wanke da toka da lemun tsami. Buhun gero ya iso, na sa aka kai wa Amama ɗaki. Don kokon gobe kuma na ba ta jiƙaƙƙen geron da na ajiye wa kaina, aka markaɗa mata da sabon dutse, ya fito kamar madara. Sannan na tsaya a tsakiyar ɗaki na ce, daga yau, tsakanin baho da baho, ƙaramin kwano ɗaya zai shiga, kuma kowane inji ya tsaya a kan abincinsa. Wannan tunanina ne, ba na wayar kowa ba.

Ana kiran la'asar muka fara jin usur daga tsallake, fiit, fiit, fiit, ba tsayawa. Sai ihu. Ashe Hajiya Mubarika mai abincin biki ce ta kai wa Jalilu gyaɗar miyar ɗaurin aure da masarar tuwo, Injiniya ya ga injin barkono yana zaman banza.

Muka fito bakin gota, unguwa duk ta fito. Ga Fatawu nan a guje a kan gada, farar rigar kemis ta koma ja da ruwan ƙasa, gari ya rufe masa kai kamar tsohon da ya shekara ɗari. Usur na bakinsa, duk numfashin da ya ja sai ya yi ƙara. Bayansa Hajiya Mubarika da muciya, bayanta mata da ludaya, bayansu Jalilu da akwatin lemo a sama. Takalminsa ɗaya ya faɗa gota, 'yan okada suka sa tafi. Mai shayi ya ɗaga murya, “Injiniya, tsaya mana, lokacin Hajiya ne yanzu!”

Ya faɗo gidan niƙana ya shige bayan injin gari. Na tsaya a ƙofa na riƙe ƙugu. Matan tsallake suka iso, suka tarar da Amama zaune a kan sabon benci tana firfita da gyale, ƙullunta fari a gabanta. Ɗaya bayan ɗaya suka koma suka kwaso robobinsu suka jera a layina.

Jalilu ya iso yana haki. “Ki ba ni duwatsuna! Ki ba ni gerona! Ga ɗanki nan, na dawo da shi!”

“Malam Awal, me aka ce?”

Malam ya ce, “Ba dawowa, ba mayarwa.”

Na ce, “Ka ji. Yaron naka ne. Fatawu, fito ka bi maigidanka, gobe da asuba ka je masa da usur.”

Jalilu ya ja da baya. “Wallahi in ya sake taka ƙofata...”

“Alkawari ne gaban ladan. Amma ni mace ce mai tausayi. In kana so in karɓe shi, sai ka kawo fanka.”

Fankar tana nan a saman kan Amama har yau, duk mai shakka ya zo ya sha iska.

Da taro ya watse, Fatawu ya rarrafo daga bayan inji yana kakkaɓe gari. Ya ce, “Mma, kin gane inda matsalar take? Injuna uku sun yi kaɗan. Tsarin na takwas ne. In kika sayo biyar...”

Na ce ya zauna ya ci abinci tukuna. Na aika aka sayo waakye, har da ƙwai, don ni ba na cin haƙƙin kowa, kuma yaron ya kawo mini benci. Ya wanke hannu, ya yi loma biyu, ya miƙa yatsu zai ɗauki ƙwan. Amama ta ɗauki usur daga kan benci ta busa, fiiit! Ta janye kwanon ta miƙa wa Saaka.

“Koma baya, Injiniya,” in ji ta. “Akwai 'yan kayayo a gabanka.”